Shekarar Ƙyanda a Ɗakin Haƙori

Jiya ina wanke hannu a bayan labule na ji ɗayanku yana gaya wa 'yan'uwansa cewa duk asibitin nan babu inda ya kai ɗakin haƙori sauƙi. Wai allura ce da filaya, ka murɗa ka ciro, ka danna auduga, a kira na gaba. Ban tanka ba don akwai mutum a kan kujera. Yau tunda layi ya ƙare da wuri, ku jawo bencin nan ku zauna. Ni na kusa ajiye aiki, ku kuma yanzu kuka zo koyo, gara ku ji yadda abin yake daga bakin wadda ta tsufa a cikinsa.

Aikina na farko a ɗakin nan tafasa ƙarafa ne. Lokacin ban je makarantar koyon aikin ba tukuna, an ɗauke ni ne in riƙa taimaka wa Malam Isiyaku, wanda a zamanin duk mai ciwon haƙori daga Kankia har Kusada wurinsa yake zuwa. Dogon mutum ne, ba ya son hayaniya, ba ya kuma maimaita magana. Da safe zan kunna risho in ɗora wata tukunya mai murfi, in jera kayan a ciki su tafasa sosai, in tsamo su da hantsaki in shimfiɗa a kan tire. A nan na gane ashe filaya ba guda ba ce. Ta haƙoran sama daban, ta ƙasa daban, mai lanƙwasa kamar bakin aku. Ta turame tana da faɗin baki, ga kuma ƙanana na yara. Akwai ƙarfen da ake sassauta haƙori da shi kafin a kama, akwai siriri mai ƙugiya da ake laluben rami, sai ɗan madubin nan mai doguwar mariƙa. Idan Malam ya miƙo hannu ba ya faɗin abin da yake so. Ni zan dubi bakin mara lafiya in san wanda zan ɗora masa a tafi. In ba shi ba ne sai ya ajiye a gefe ya sake miƙo hannu, ko kallona ba zai yi ba.

Na daɗe ƙwarai kafin ya bar ni in riƙe filaya. Madubi ya ba ni. Duk yaron da aka kawo asibiti, ko da ciwon ido ne ya kawo shi, sai ya ce in roƙi uwar in leƙa bakinsa, in dawo in faɗa masa abin da na gani: launin dasashi, ko yana jini in an taɓa, ko akwai farin tabo a gindin haƙori, wanne ya fito wanne bai fito ba, har warin bakin. Da na gaji na tambaye shi yaushe zan fara aikin gaske, sai ya ce, "Binta, maƙeri ma yana da awartaki, kuma yana cire haƙori a kasuwa. Ido ne ba shi da shi." Ko da na tafi makaranta na dawo da takardata, bai sauke mini wannan aikin ba.

Wani direban bas mai jigila tsakanin Kano da Katsina ya taɓa shigo mana da hantsi, ya naɗe kumatu da rawani, ido ɗaya ya kusa rufewa. Ya ce a cire masa yanzu yanzu, fasinja na jiransa a bakin titi. Da na buɗe bakin sai na ga dasashin ya yi fari fat ya saluɓe. Ashe ruwan batir ya ɗiga a auduga ya cusa a ramin, wai ya kashe tsutsa. Malam ya ce allura ba za ta kama wurin da ya kumbura haka ba, ya wanke masa, ya ba shi magani, ya ce ya dawo in kumburin ya saɓe. Mutumin ya yi faɗa ya fita, da azahar sai ga shi ya dawo, ya ba wani motar, ya kwanta a kan bencin da kuke zaune. Irinsa sun fi yawa a masu zuwa. Ba sa isowa sai sun gama gwada komai: kanumfari, wanda shi dai yana lafar da zafi ba ya ɓarna, sai taba gari, fetur, da ƙwayar kemis da ake niƙawa a shafa ta ƙona dasashi. Kuma kowa tsutsa yake zargi. Na sha gaya musu babu wata tsutsa. Guntun abinci ne da zaƙi ke kwana a jikin haƙori, ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani su ci su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin haƙorin a hankali. Wasu su yarda, wasu su yi murmushi su ce ai sun taɓa ganin an fitar da ita da hayaƙi ranar kasuwa.

Yaro kuwa wani aiki ne daban. Na tuna wani manomi daga Tafashiya da ya kawo ɗansa, bai wuce shekara bakwai ba, turminsa na ƙasa ya yi rami. Uban ya ce a cire hauren kawai, kun san haka mutanenmu na karkara ke ce wa haƙori, ai yaro ne, zai yi famfara wani ya fito. Na zaunar da shi na nuna masa a madubi. Turmin nan wajen shekara shida yake fitowa, can bayan duk haƙoran yarinta, kuma babu wanda ke faɗuwa kafin ya fito, shi ya sa iyaye ke haɗa shi da na famfara. Alhali shi na zama ne. In aka cire shi babu mai maye gurbinsa. Ranar babu wuta, injin haƙa bai tashi ba, da hannu na kankare ruɓaɓɓen wurin da ɗan ƙarfe mai kama da cokali, na cike. Amma kafin in kai ga haka sai da na ba yaron madubin ya riƙe, na bar shi ya leƙa nawa bakin, muka yi hira a kan akuyarsa. Uban ya ɗaga murya zai tsorata shi da allura, na roƙe shi ya jira mu a waje. Yaron da aka danne aka yi wa aiki da ƙarfi sau ɗaya ba zai ƙara buɗe wa mai farin kaya baki ba har ya yi gemu. Kuma ban taɓa ce wa yaro ba zai ji komai ba. Nakan ce zai ji kamar cizon cinnaka, daga nan leɓensa ya yi nauyi.

Da na bincika sai na ji uwarsa alewa take yi ta sayarwa a gida, duk wadda ta karye tasa ce, yini yake da ita a kumatu. Ban ce a daina ba shi ba, don na san ba za a daina ba. Na ce a tara masa ya sha a zama ɗaya bayan cin abinci ya kuskure baki, maimakon ɗai-ɗai tun safe har magariba. Ba yawan zaƙin kaɗai ke ɓarna ba, har da daɗewarsa a baki.

Duk wannan aikin yau da kullum ne. Shekarar da ta canza mini aiki ita ce wadda ruwan damina ya ɗauke tun gero na cikin fitar da kai. Rumbuna ba su cika ba, kafin bazara gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya, kuma a kan haka ƙyanda ta shigo. Lokacin ba kowa ke kai yara riga-kafi ba. Ɗakin kwantar da yara ya cika, mu a nan muna ganin abin bai iso ƙofarmu ba, sai ranar da wata Bafulatana mai suna Hajjo ta shigo da ɗiyarta Dije a goye. Rugarsu na gefen Mawashi, nono take kaiwa cikin gari. Tun kafin ta kwance goyon na ji warin. Yarinyar ba ta wuce shekara huɗu ba, ta tashi daga ƙyanda, ta rame, kumatun hagu ya kumbura ya yi tauri, a tsakiyarsa wani baƙin tabo kamar an ɗora gawayi. Malam Isiyaku ya haska ciki, ya ajiye madubi a hankali. Ya ce wannan ne mutane ke kira ciwon iska, kuma ba iska ba ce. Daga dasashi yake farawa, a bakin yaron da yunwa da ciwo suka raunana, ba a kuma wanke masa baki. In aka bar shi, cikin 'yan kwanaki sai ya ci nama ya huda kumatu.

Hajjo ta ce da ɗan jini a dasashi abin ya fara, sai warin baki, suka yi ta hayaƙi da jiƙe-jiƙe kamar yadda tsofaffi suka ce. Muka wanke abin da zai wanku, aka yi wa yarinyar allurai, aka sa su a mota zuwa Katsina. Dije ta rayu, amma wurin da ya yi baƙi ya faɗi, ya bar rami daga gefen leɓe zuwa tsakiyar kumatu. Bayanta an kawo wasu. Ba duka suka rayu ba.

Wata safiya Malam ya ce zaman jiran mutane ya ƙare, don duk wanda ya iso mana ya riga ya makara. Shi namiji ne, ba zai shiga gidajen mutane ba, saboda haka ni zan tafi. Na haɗa jaka: madubi, tocila, auduga, ƙyallaye masu tsabta, gishiri, da maganin ƙwayoyin cuta na yara. Filaya ko ɗaya ban ɗauka ba. Mai babur ya kai ni Mawashi, mai gari ya yi mini izini, na shiga bi gida-gida ina roƙon a bar ni in leƙa bakin duk yaron da ƙyanda ta taɓa.

A gidan wani manomi, Malam Hamisu, na sami ɗansa Nura. Ɗan fari ne, don haka a ɗakin kakarsa Inna Asabe yake kwance, uwarsa kuwa ko sunansa ba ta kamawa a gaban mutane, tana tsaye bakin murhu tana satar kallon ƙofar. An rufe ɗakin ruf, an ajiye garwashi a kasko. Ƙyandar ta fara bushewa, amma yaron ya ƙi abinci. Na haska tocila. Dasashin ya yi jawur, ana taɓawa yana jini, gindin haƙoran ƙasa ya fara zaizayewa, ga kuma warin nan da na riga na sani. Na latsa kumatu na ji da laushi, ba su kumbura ba. Na gaya wa Inna Asabe cewa jikanta yana bakin abin, amma bai faɗa ba tukuna. A wanke masa baki da ruwan ɗumi da gishiri, a fara ba shi magani yau, da yardar Allah zai tsira.

Ta ƙi. Ta ce mai ƙyanda ba a taɓa shi da ruwa, in ruwa ya taɓa ta sai ta koma ciki ta kashe yaro.

"Ɗiyar nan," ta ce, "tun ba a haife ki ba nike jinyar ƙyanda. Maigidana ba za ki sa mishi ruwa ba."

Kada ku ɗauka taurin kai ne na banza. Matar nan ta binne 'ya'ya da jikoki, kuma abin da ta gada take riƙe da shi don ta tsare wanda ya rage. Aka kirawo Malam Hamisu, ya tsaya bakin ƙofa ya saurari bayanina har ƙarshe, ya sunkuyar da kai ya ce ya fahimta, amma Inna ta yi magana.

Ban yi gardama ba. Wanda ya ja da tsohuwa a gaban surukarta, ko yana da gaskiya ya rufe wa kansa gidan. Ban kuma tafi ba. Na fito tsakar gida na zauna a kan tabarma, na jawo faifan wake ina taya uwar yaron tsinta. Rana ta ɗaga. Ina ta lissafin ko in koma wurin mai gari ya sa baki, sai muka ji sallamar mai nono.

Hajjo ce. Ta dawo daga Katsina ta koma tallanta, don ɗan nonon da shanun ke bayarwa shi ne abincin gidansu. Dije na goye a bayanta an lulluɓe ta da mayafi, tun da abin ya same ta ba ta yarda a bar ta a ruga. Hajjo ta gane ni, muka gaisa, ta tambayi abin da ya kawo ni, na gaya mata a taƙaice. Ta sauke ƙwaryarta, ta je bakin ɗakin ta durƙusa ta gai da Inna Asabe, ta yi mata ya mai jiki. Na ga ta ɗan ja numfashi, na san ta ji warin. Sai ta juya bayanta, ta kai hannu ta yaye mayafin daga fuskar yarinyar.

"Inna, ni ma haka aka ce mini, kada ruwa ya taɓa," ta ce. "Na ji magana. Ga abin da na samu."

Inna Asabe ta daɗe tana kallon yarinyar. Daga nan ta miƙa hannu ita da kanta ta mayar da mayafin, ta gyara shi a hankali, ta yi wa yarinyar addu'a. Ta ɗaga murya ta ce wa surukarta ta ɗora ruwa. Na buɗe jaka zan ɗauko gishiri, ta ce in bar nawa, ta jawo wani ƙoƙo daga ƙarƙashin gado.

"Nuna mani," ta ce. "Da hannuna zan yi."

Na nuna mata. A naɗa ƙyalle mai tsabta a yatsa, a tsoma a ruwan, a bi dasashi a hankali ciki da waje, sama da ƙasa, duk bayan ya ci wani abu da kuma kafin ya yi barci. In ya yi jini kada a tsorata a daina. Na auna mata maganin na nuna mata lokutansa da lokutan salla, don ta haka ba za ta manta ba. Na ce magani kaɗai ba zai yi ba sai da abinci: kunun gyaɗa, wake a dafa ya yi lugub a dama, zogale a miya, nono in an samu. Hajjo ta cika ludayi ta zuba a ƙoƙo ta ajiye kusa da yaron, ta ɗauki ƙwaryarta ta yi gaba. Malam Hamisu kuwa na ja shi gefe na ce in ya ga kumatu sun soma tashi kada ya jira kowa, ya ɗauko yaron zuwa Kankia.

Na yi ta komawa. Jinin ya tsaya, warin ya tafi, Nura ya soma karɓar kunu, har wata rana na tarar da shi a ƙofar gida yana korar kaji. Ko haƙori ɗaya bai rasa ba sai da lokacin famfararsa ya yi. Dije kuwa sai da ta ƙara girma aka kai ta Sakkwato aka yi mata aiki aka rufe ramin. Tabon na nan, amma tana cin abinci, tana magana.

Ƙyanda ta wuce, damina mai kyau ta biyo, amma fita ƙauye ba mu daina ba. Tun daga shekarar nan rabin aikina a tsakar gidajen mutane nake yinsa. Nakan ce wa mai jego ta riƙa goge dasashin jariri da ƙyalle tun kafin haƙori ya leƙo, da ya fito kuma a fara goge shi, man goge baki kada ya wuce ƙwayar shinkafa, in yaron ya tasa a kai ƙwayar wake, ya tofar kada ya haɗiye. Na kafin barci ya fi kowanne muhimmanci. Inda babu buroshi, asuwakin marke ko na bedi, wato dogon yaro, ya wadatar in an dandaƙa bakinsa ya yi laushi, amma ban da gawayi da toka, don suna kankare haƙori. Kuma uwa ce za ta riƙa yi wa yaro har sai ya iya alwala da kyau shi kaɗai. Wadda ta ce mini gudawa da zazzaɓin ɗanta haƙori ne, sai in ce haƙori na sa ƙaiƙayi da dalala, amma ba ya zubar da ruwan jikin yaro, ta kai shi asibiti yau. Katin riga-kafi ma ina tambaya a gani. Wasu abokan aiki sun ce wannan ba hurumin ɗakin haƙori ba ne, na ce su zo su leƙa bakin mai ƙyanda sannan mu yi maganar.

Inna Asabe ba ta taɓa ce mini ina da gaskiya ba. In na yi sallama sai dai ta ce mai wanke baki ta iso, a ɓoye yara. Amma har Allah ya yi mata rasuwa, duk gidan da ta ji an kwantar da yaro a unguwarsu sai ta dogara sandarta ta tafi, gishiri ƙulle a haɓar zanenta. Ba ta neman izinin kowa. Za ta zauna, ta jawo yaron cinyarta, ta juya shi wajen haske ta buɗe bakinsa. Mafi yawa ita take shawo kansu da gishirinta. Wanda kuwa ta ga dasashinsa ya soma zaizayewa, sai ta sa uban ya ɗauko shi a babur tun ranar, da saƙon da za a isar mini.

"A ce wa ɗiyar nan in ji ni, wannan ya fi ƙarfin gishiri."